Mai Sauraron Dutse a Hindawiyya

Abin da na fara lura da shi da na shiga warshar Kaka, inda ake yankan dutse, shi ne girar Yaya Bandar. Ta yi fari fat, ita da gashin idonsa da ɗan gashin bakin da yake ta lallaɓawa tun bara. A gida saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, kullum cikin turare. A nan garin dutse ya mai da shi dattijo, har ya fi Kaka furfura, domin shi Kaka ba ya rabo da jiƙaƙƙen tsumma a kafaɗa.

Ban taɓa zuwa wurin ba sai wannan Asabar ɗin. Warshar tana can ƙarshen unguwar Hindawiyya a Makka, bayan masu gyaran tasi. Faffaɗar rumfar kwano ce, an jingine falalen duwatsu a tsaye a jikin ƙarfe kamar littattafai a kanta: farin rukam, wato marmara, na daɓe da matakala, da giranit mai ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa riɗi. Ƙasa a jiƙe take ko'ina, saboda zarton injin ba ya yanka sai da ruwa.

Aikin makaranta ne ya kai ni. Abla Nuf, malamarmu ta tarihi, ta raba mana batutuwa, ni kuma na faɗa a kan misalla. Misalla dogon ginshiƙi ne na dutse guda, ba haɗi, mai kusurwa huɗu da tsini a ka, irin wanda mutanen Masar na dā suke kafawa a ƙofar gidajen bautarsu. Tawa ita ce wadda take tsaye a tsakiyar wani babban dandali a birnin Paris. Da na faɗa a gida cewa daga Aswan ta Masar aka sassaƙo ta, sai Mama ta ajiye ludayi ta ce, "To me kike nema a waya? Kakanki a Aswan ya koyi aiki. Je ki same shi tun yana zuwa warshar."

Na gane abin da take nufi da "tun yana zuwa". Sati biyu ke nan ana magana ƙasa-ƙasa a gidanmu. Aikin Kaka a warsha yanzu ɗaya ne: duk dutsen da aka kawo, sai ya ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma ya saurara kafin a yanka. In ya ce da tsaga a ciki, sai a mayar. Amma kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma sai an ɗaga murya. Watan jiya ya sa an mayar da wani dutse, maƙwabtan warsha suka saya suka yanka, ya fito lafiya lau. Yanzu kuma an kawo wani jan giranit da za a yi wa wani mai sayar da fulu, wato dafaffen wake, da burodin tamis teburin shago, Kaka ya ce shi ma da tsaga. Yaya ya ce babu. Kaka da bakinsa ya gaya wa Baba cewa in aka yanka wannan bai fashe ba, ya ajiye guduma, ya koma gida ya zauna da kakarmu suna faɗa a kan rimot. Ranar da na je za a yanka, kafin azahar.

"Lale marhabin da amarya!" in ji Kaka da ya gan ni. Yana zaune a kujerar roba, shayi a gefensa. "Yau har wurin aiki kika biyo ni? Tsohuwar ta sani?"

Na gaishe shi, na sunkuyar da kai. A baki Sidi muke ce masa, irin na mutanen Makka. Na nemi kusurwa, kamar yadda na saba a aji, na sami wani akwatin katako a jikin bango, daidai ƙarshen jan dutsen da ake gardama a kansa, na zauna. Na buɗe littafina na fara karanta masa abin da na tara.

"Ta dama, amarya," ya ce, yana juyo da kujera. "Ta hagu an rufe shago."

Na sake farawa. Na karanta cewa su biyu ne a ƙofar wani haikali a Luxor, sun yi fiye da shekara dubu uku a tsaye. Kusan shekara ɗari biyu da suka wuce mai mulkin Masar ya yi wa Faransa kyauta. Aka ƙera jirgin ruwa musamman dominta, aka kwantar da ita da igiyoyi, aka yanke gaban jirgin aka tura ta ciki, sannan aka zauna watanni ana jiran kogin Nilu ya kawo ruwa. A Paris kuma sai da aka tara ɗaruruwan mutane suna juya igiya kafin ta miƙe. 'Yar'uwarta tana Luxor har yau, ita kaɗai.

"Duk wannan wahalar?" in ji Yaya daga wajen zarto. "Yau kiren ɗaya, tirela ɗaya, kafin la'asar halas."

"Ki ji muhandis, babban injiniya," Kaka ya ce. "Wanda ya huda wa matar likita ramin famfo a hagu, bututun gidan yana dama."

"Ya Sidi, wannan shekara uku ke nan!"

"Dutsen yana nan a baya, in ka manta. Amarya, rubuta. Shi ma ya buɗe kunne, tun da nasa biyu ne kuma ba ya amfani da ko ɗaya."

Ga abin da ya faɗa. Inda ya juya Larabci na mai da shi Hausa.

"Aikina na farko a Aswan ɗaukar ruwa. A Sudan aka haife ni, inda mahaifina ya tsaya noman auduga a hanyarsa daga Kano zuwa nan, tsayuwar da ta ci shekara ashirin. Ina ɗan shekara goma sha shida na hau jirgin ruwa daga Halfa, na faɗa hannun Mu'allim Shahata, mutum mai gashin baki kamar tsintsiya. Shekara guda cur ban taɓa cizal ba sai don in kai wa maƙeri. Giranit yana cin ƙarfe. Mutum ɗaya sai ya dakushe cizal goma kafin azahar, ni ne mai kwasowa a kwando, in kai a wasa, in dawo da su da ɗuminsu. In na haɗa na wani da na wani, ranar zan sha rankwashi, domin kowa ya san nasa kamar yadda ya san 'ya'yansa.

"Guduma uku ce a wurin Mu'allim. Babba ta fasawa, matsakaiciya ta sassaƙa, da wata 'yar ƙarama da yake ce wa gudumar tambaya. Ita ce wannan." Ya zaro ta daga aljihu. Kanta bai fi ƙwan kaza ba, ƙotar ta yi baƙi da sulɓi. "Ƙota na canza sau huɗu, kai kuwa na Mu'allim ne. Kin ga yadda kakarki take ƙwanƙwasa kankana a kasuwa har mai kayan ya gaji? To haka. Lafiyayyen dutse yana amsa miki kamar tasa, ƙarar ta yi tsawo. Mai tsaga kuwa sai ya amsa a taƙaice, kamar mai mura. Mu'allim sai ya ɗaure mini ido da rawaninsa, ya yi ta bugawa, ya ce in faɗa. In na yi daidai, shiru. In na yi kuskure, sai ya gwada gudumar a kaina ya ce wannan ma da tsaga."

Na yi dariya a cikin mayafi. Kaka ya gani, ya ji daɗi, ya kurɓi shayi.

"Fasa dutse daga jikin tsauni kuma ba ƙarfi ba ne. Sai a huda ramuka a jere, a sa wa kowanne ƙaton ƙarfe mai baki, a riƙa bi ana bugawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne bugu guda, a kai ƙarshe a dawo. Kamar daidaita sahu, kada wani ya wuce wani. In ka ji daɗin ɗaya ka ƙara masa bugu biyu, dutsen ya tsage ta inda ya ga dama, aikin mako ya tafi. Sai ki ji wata 'yar ƙara a ciki, ƙis, kamar an karya tsinke. Nan kowa zai ja baya. Muhandis, injinka yana jin ƙis?"

"Injina ba ya buƙata," in ji Yaya. Amma na lura ya daina goge zarton.

"Wata Juma'a, bayan an sauko, Mu'allim ya ce in biyo shi. Ya kai ni tsohon wurin haƙar dutse, a gefen gari. Amarya, ga irin misallar taki nan a kwance, ba a gama ba. An sassaƙe ta gefe uku, cikinta yana manne da tsauni. Na hau na yi tafiya a kanta kamar a titi. Ta fi ta Paris ɗin nan taki nesa ba kusa ba. A gefenta an haƙa rami mai faɗin mutum ɗaya, ƙasansa loko-loko kamar an kwashe da ludayi. Mu'allim ya ɗauko wani baƙin dutse mulmulalle, kamar ƙaramar kankana, ya ce da irin wannan suka yi. Ba cizal na ƙarfe, ba zarto. Mutum ya tsugunna a rami, cikin zafin Aswan, yana daka kamar mai dakan sakwara, gari-gari yana fita. Ya ce in gwada. Na daka har hannuna ya mutu, abin da na samu bai cika cokali ba.

"Sannan ya nuna mini tsagar. Tana nan ta ratsa jikinta. Ya ce, 'Ya Haruna, waɗannan sun fi mu iyawa, kuma dutse ya ba su kunya. Amma dubi abin da suka yi. Sun tashi sun bar shi.' Ni a lokacin tausayin masu dakan nake ji. Sai da na girma na gane barin shi ne aiki mafi wuya. Kowa ya iya ci gaba."

Ya miƙo mini kofinsa in ƙara masa shayi daga fulas. Hannunsa ya taɓa nawa, tafin kamar bayan tamis ɗin jiya.

"Dokin ƙofa na fara yi a Makka, a unguwar Misfala, gidan wata Hajiya 'yar Sakkwato mai saukar da baƙi. Na auna, na yanka, na goge shi har kana ganin haƙoranka. Na kafa, na tsaya ina jiran yabo. Ta fito da buta, ta kwara masa ruwa, ruwan ya gangara cikin ɗaki. Ta ce, 'Ɗan nan, kai a garinku ruwa ciki yaka shiga?' A Aswan na koyi dutse, a wurin wannan tsohuwa na koyi gida. Kowane dokin ƙofa, kowane wurin alwala, kowane kwanon shan ruwan sadaka a bakin titi, sai ka ba shi ɗan gangare wanda ido ba ya gani amma ruwa ya sani. Tun ranar ba na tashi daga aiki sai na zuba buta guda.

"Masu ba da aiki kuwa iri-iri ne. Akwai uwargida mai son farin rukam a kicin saboda ta gani a gidan ƙawarta. Ka ce mata lemun tsami yana cinye shi, man girki yana shiga ya zauna, ta ɗauki giranit. Ta ce giranit kamar na asibiti. In ka dage, ta tafi wurin maƙwabcinka. In ka yi mata, bayan wata uku ta aiko mijinta da hoton tabo. Sai ka zaɓi wanda za ka iya haɗiyewa. Akwai mai gida wanda yake barci wata tara, sai an ga jinjirin Zulƙida ya farka, yana so a gama bene huɗu kafin alhazai su sauka. A wasu ƙasashe mai dutse yana samun hutu da rubutun kabari, domin mamaci ba ya gaggawa kuma ba ya dawo da kaya. Mu nan ba a rubuta kabari. Duk abokan cinikinmu rayayyu ne, Allah ya ba mu haƙuri."

"Faɗa mata shekarar ƙanƙara," in ji Yaya. Yanzu ya matso, yana jingine da ƙarfe.

"Zan faɗa. Ba don kai ba.

"Matakala ce, a Misfala, gidan saukar alhazai mai hawa biyar. Mai gidan irin masu farkawa a Zulƙida ne. Kaya suka iso a makare, saura kwana goma sha biyu. A lokacin kunnuwana biyu garau, ina jin faɗuwar allura. Amma ƙwanƙwasa dutse sittin ɗaya bayan ɗaya yini ne guda, ni kuma ba ni da yinin. Na buga biyar na sama, suka amsa da kyau, na ce bismillah. Muka yanka, ba wanda ya fashe. Muka kafa, ba wanda ya fashe. Rubuta wannan da kyau, amarya: tsagar ciki ba ta cika fashewa a kan zarto ba. Zarto yana tallafe da dutse ta ko'ina, kamar jariri a kan katifa. Sai an kafa shi, nauyi ya hau, zafi ya shiga, sanyi ya fita, sannan take tuna kanta.

"Ta tuna kanta ana saura kwana biyu a fita Mina. Wani dattijo Bature ɗan Turkiyya yana saukowa da jarkar zamzam a kowane hannu, bakin matakala ta tara ya ɓalle a ƙarƙashinsa. Ƙafarsa ta karye. Mutumin nan ya tara shekaru yana jiran wannan tafiya, sai a kan kujera aka tura shi Arfa. Na je asibiti na gaishe shi. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa. Ya riƙe hannuna yana ta murmushi, ya ɗauka ni ma'aikacin gidan ne mai kirki.

"Makka gari ne babba, amma Misfala ƙauye ce. Shekara guda ba wanda ya ba ni ko dokin ƙofar banɗaki. Hajjin da ya biyo baya a Muzdalifa na yi shi, ina sayar da ruwan sanyi tsakanin motocin alhazai. Ƙanƙarar ma sai da sana'a ta bi ni. In aka kawo mini ƙaton bulon ƙanƙara, sai in ƙwanƙwasa, in ja layi, in buga sau ɗaya, ya rabe biyu daidai. Masu ruwan da ke gefena har taruwa suke yi suna kallo. Wani ɗan Chadi ya ce, 'Kai wannan, ka yi asara, da dutse ka koya.'"

Yaya ya tuntsire da dariya, ko da yake ya sha jin labarin. Ni ma na yi.

"Wanda ya dawo da ni, wani limamin ƙaramin masallaci ne da yake son wurin alwala. Ya ce ya ji labarina, shi ya sa ya zo, domin wanda matakala ta taɓa karyewa a hannunsa ba zai sake gaggawa ba. A aikinsa na ƙara wa kaina doka ta biyu. Bayan guduma, ruwa. Ka jiƙa dutse, ka zauna ka jira ya bushe. Ko'ina zai yi haske, amma tsaga tana riƙe ruwa, sai ta rage baƙa kamar zaren gashi. Minti kaɗan take yi ta ɓace. Mai haƙuri kaɗai take nuna wa kanta."

Ya kurɓi shayi. Na juya shafi, na ga wani abu da na rubuta da jan biro na manta ban karanta ba. Na ce, "Sidi, akwai saura."

"Ta dama."

Na matsa. Na karanta masa cewa da Faransawan suka isa Luxor, kafin a taɓa misallar, wani mai aikin dutse da ke cikinsu ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa ta, ya ce akwai tsaga daga ƙasa, amma yana jin za ta jure. Da aka kwantar da ita aka duba gindinta, sai ga tsagar, kuma ga shi tun zamanin Fir'auna masu aikin sun san da ita, har sun ɗaure ta da katako.

Kaka ya buga cinyarsa har shayi ya zube. "Allahu Akbar! Ɗan'uwana ne wannan! Ka ji ko, muhandis? Jirgi, igiya, sojoji, sarki yana jira, amma sai da aka tsaya aka tambayi mai 'yar guduma. Amarya, an rubuta sunansa a jiki?"

Na ce a gindin da aka yi mata a Paris akwai zanen igiyoyi da katakai da ruwan zinariya, da sunan sarki, da na injiniya.

"Kullum haka," ya ce, yana kallon Yaya.

Yaya ya duba agogon wayarsa. "Tayyib, ya Sidi. Labari ya yi daɗi, wallahi. Amma mai fulu gobe yake son buɗe shago. Ruwa kake so? Jiya na zuba. Ga shi kuma, saboda baƙuwa." Ya jawo tiyo, ya feshe jan dutsen tun daga sama har ƙasa, ruwa yana tsallakawa ta kansa. Fuskar ta yi ƙyalli kamar naman kankana. Muka jira. A zafin Makka ba a daɗe ana jiran abu ya bushe. Fuskar ta bushe tas, ba layi, ba ɗigo.

"Ka gani?"

"Fuskar da masana'anta suka shafe da gam suka goge," in ji Kaka. "Ko ni in aka shafa mini wannan sai in koma saurayi." Ya tashi da ƙyar, ya ɗora tafin hagunsa a jikin dutsen, ya buga da 'yar gudumar a wuri uku. Na kasa kunne iyakar iyawata. Na farko da na biyu da na uku duk ɗaya na ji su. "A hannu nake jin sa," ya ce. "Tukunyar fulu kuwa ka san nauyinta, ka san zafinta, ka san yara nawa suke tsayawa a gabanta da kwano kowace safiya. Amma na faɗa jiya, na faɗa yau. Ba na faɗa sau uku. Yanka."

Ya koma ya zauna, ya sa gudumar a aljihu, ya shiga goge fuskarsa da tsumma, alhali ba ƙura a kanta.

Yaya ya dube shi. Ba mugu ba ne Yayana. Shi yake kai Kaka asibitin kunne, shi yake yanke masa farce. Ya ce a hankali, ta gefen hagu, inda ya san ba za a ji ba, "Ka huta haka nan, ya Sidi." Sannan ya tafi ya jawo sarƙar da ake ɗaga dutse da ita.

Ni ina kan akwatina. Daga inda nake ba fuskar dutsen nake gani sosai ba, bayansa nake gani, ta ɗan tsakanin da ya rage tsakaninsa da bango, wanda bai fi a zura hannu ba. Bayan ba a goge shi ba, garas-garas ne, kalar hoda. Ruwan da ya tsallako ta sama ya jiƙa shi, kuma da yake yana cikin inuwa, bai bushe da wuri kamar fuskar ba. Ina kallonsa ne kawai don ba na son kallon Kaka. Danshin yana ja da baya kaɗan-kaɗan daga gefe, kamar yadda allon aji yake bushewa bayan an goge. Sai wani siririn layi ya ƙi tafiya. Ya taso daga kusurwar ƙasa, ya karkata, ya nufi tsakiya, tsawonsa ya kai hannuna daga gwiwa zuwa yatsa. Na ƙifta ido. Na ce ko zare ne, ko sawun tiyo. Na zura fensirina na taɓa. Ba abin da ya motsa.

Ni ce wadda Abla Nuf take cewa in sake maimaitawa sau uku kafin layin gaba su ji. Ban taɓa yi wa Yaya gyara ba ko a kan gishirin miya. A warshar akwai ma'aikata biyu da ban sani ba, suna tsaye suna jiran a ɗora musu dutse. Na ce bari in kira Kaka, sai na tuna idonsa ba zai ga zaren gashi a cikin inuwa ba, kuma in shi ya faɗa, ya zama sau uku. Na ce bari in ɗauki hoto, wayata tana jakar Mama. Ina cikin wannan lissafi layin ya fara dushewa daga sama. Kafin sarƙar ta iso kan dutsen ya ɓace gaba ɗaya, bayan ya koma fes, kamar ban ga komai ba.

Yaya ya ɗaga hannu zai maƙala ƙarfen. Na miƙe, littafina ya faɗi cikin ruwa, ban ɗauka ba.

"Yaya."

Bai ji ba. Injin zarto ya riga ya fara gurnani.

"Yaya Bandar!"

Kowa ya juyo, har ma'aikatan, har Kaka. Yaya ya yi alama aka kashe injin. Na ɗaga murya na ce:

"Don Allah kada ka ɗaga shi tukuna. Ka sake zuba ruwa, ta baya. Sannan ka zo ka zauna a kan akwatin nan, ka sa kanka inda nawa yake, ka jira ya bushe, kada ka duba waya. In ka ga abin da na gani, kai za ka gaya wa Sidi. Da ƙarfi, kuma ta dama."